Wufar Mota Da Lalacin Marubutan Hausa



Maƙalar wannan makon a kan wufar mota take, babbar sifikar nan da ake sakawa a but don sauti ya yi kauri. Na san tun daga nan wasu sun fara yamutsa fuska, suna cewa me ya haɗa zauren adabi da aikin masu wayarin. Ku ɗan yi haƙuri, don da ku nake. A Gusau da Tsafe da Bungudu ana haɗa wa motoci wufa ta hanyar da ke kashe batir, ta ƙona sifika, wani lokacin ma motar ta kama da wuta, alhali duk ilimin da ake buƙata a kauce wa haka bai wuce shafi biyar ko shida ba in an rubuta shi da Hausa. Mu da muke kiran kanmu marubuta mun ƙi rubuta shi. Mun iya cika shafi uku muna kwatanta motar da saurayi ya zo zance da ita, launinta da ƙamshinta da sanyin cikinta da sautin da ke tashi a hankali, amma a tambaye mu ta ina sautin ke fitowa, sai mu yi zuru.

Uzurin da aka saba bayarwa na san shi, don da wuya a yi zaman marubuta a tashi ba a faɗe shi ba: wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya da fasaha, in ka matsa sai rubutun ya koma rabi Turanci. Wannan maganar wanda bai buɗe tsofaffin littattafanmu ba ce. Tun 1949 Abubakar Imam da Rupert East suka fitar da Ikon Allah, suna bayanin halittu da Hausar da ɗan firamare ke ganewa. Hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 ta buga ƙananan littattafai kan lafiya da noma da sana'a don manyan da suka koyi karatu a ajin Yaƙi da Jahilci. Waɗanda ba su da wayar hannu ba su da intanet sun yi, mu masu difloma da digiri da data mun ce harshen ne ya gaza. To bari in gwada a gabanku, da abin da na karanta a fannin lantarki da abin da kowa ke iya gani a garejojin garinmu. Wanda ya ga inda Hausar ta kasa, ya nuna mini layin.

Sauti girgizar iska ne. Ana auna shi da yawan girgizar da aka yi a daƙiƙa guda, ma'aunin kuma sunansa haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga 20 zuwa wajen 20,000. Abin da samari ke kira bes, kaurin nan da kake ji a ƙirji kafin ya iso kunne, can ƙasa yake, daga 20 zuwa wajen 100. Makaɗanmu sun san wannan tun ba a ƙera mota ba. Kanzagi ƙarami ne, muryarsa siririya. Tambari kuwa fatarsa mai faɗi ce, cikinsa mai zurfi, shi ya sa ake jin ruguginsa daga nesa. Sauti mai kauri sai an tunkuɗa iska mai yawa. Sifikar ƙofa mai inci 6 ba ta da faɗin yin haka, wufa mai inci 10 ko 12 ita ce tambarin. Tunkuɗa iska mai yawa kuma yana cin wuta mai yawa, duk rigimar daga nan ta faro.

Wasu motocin 'yan Kwatano da muke saye suna zuwa da wufarsu tun daga kamfani. Lexus da yawa suna da ita, haka wasu Toyota masu tambarin JBL da manyan samfuran Honda Accord. A ƙaramar mota za ka same ta a kan kantar da ke bayan kujerar baya, a jif kuma a gefen but, da 'yar amfilifayarta a ɓoye ƙarƙashin kujera ko bayan kafet. Motar da ta yi shekara goma sha biyar, ta zo ta sha ranar Zamfara inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, soson da ke zagaye bakin wufar yakan ruɓe ya farfashe. Sai mai mota ya fara jin far-far kamar ana kaɗa tsohuwar leda. Sau da yawa ciwon ke nan, a sake soson a manna da gam, wufar ta dawo. Amma abin da ake yi shi ne a cire ta a jefar, a ɗauko duk wadda ta shiga ramin a ɗaure. Mai mota ya biya kuɗi, ya kunna, ya ji sautin ya fi na da rauni, a ce masa ai sai an ƙara amfilifaya.

Abin da ya faru yana da suna, turjiya. Kowace sifika tana turje wa wutar da ake tura mata, ana auna turjiyar da om. Idan om ɗin ƙarami ne, ƙofa a buɗe take, wuta mai yawa na shiga. Idan babba ne, ƙofar ta tsuke. Yawancin wufar da ke kasuwa om 4 ne, da yawa daga cikin na kamfani kuwa om 2 ne, kuma amfilifayar motar an gina ta a kan haka. Ka sa mai om 4 a gurbin mai om 2, ƙarfin da za ta samu ya ragu da kusan rabi. Ka yi akasin haka, ka sa mai turjiyar da ta gaza abin da amfilifaya za ta iya ɗauka, ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa, ƙarshe ta ƙone. Sanin wannan ba ya buƙatar komai sai mita ta hannu da minti ɗaya: a cire wayoyin wufar, a ɗora mita a ƙafafunta biyu. Mai om 4 za ta nuna uku da wani abu, mai om 2 ta nuna ƙasa da biyu kaɗan. Mai haɗa wufa biyu kuma ya san cewa biyu masu om 4, in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja baƙi da baƙi, sun koma om 2. In aka jera su, wutar ta fita daga ɗaya ta shiga ɗaya, sun zama om 8. Akwai kuma bambancin gini: wufar kan kanta an yi ta ne ta yi aiki ba akwati, but ɗin gaba ɗaya shi ne akwatinta. Wadda aka yi don akwati, in ka rataye ta a wannan ramin, sai ta riƙa lilo ba sauti har ta yage.

Wanda wufar kamfani ba ta ishe shi ba, hanyarsa ita ce ya ƙara amfilifaya da wufa mai akwati. A nan ne ƙarya take farawa, kuma a jikin kwali take farawa. Za ka ga an rubuta wat 3000 da manyan haruffa, mai shago ya nuna maka da yatsa. Lissafin firamare ya isa ya tona asirin. Wat shi ne bolt sau amfiya. Mota mai tafiya tana da bolt 14. Kafin a sami wat 3000 daga bolt 14 sai an ja amfiya sama da 200, altanetar ƙananan motoci irin Corolla da Golf kuwa galibi tsakanin 70 da 100 take bayarwa, kuma daga ciki fitila da fanka da iyakwandishan da injin kansa ke ci. Juya amfilifayar ka duba fiyus ɗin da ke jikinta. In 25 aka rubuta, 25 sau 14 ya ba da 350, ko ta mutu ba za ta wuce nan ba, kuma wani kaso na wannan ɗin zafi zai zama. Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a ɗore. Sauran duk ado ne. Wani abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, ƙarin da kunne ke ji ɗan kaɗan. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Saurayin da ya sayar da mai 500 ya ciwo bashi ya sayi mai 1000, abin da ya ƙara bai kai abin da ya rasa ba.

Yanzu ga inda nake so kowa ya nutsu, don nan ne ake asarar mota. Mu ɗauki amfilifaya mai wat 500 na gaskiya, irin ta zamani da ba ta ɓarnar wuta sosai. In ta buɗe wuya tana jan wajen amfiya 45. Daga batir a gaba zuwa but a baya wajen mita 5 ne na waya. Abin da aka fi ja a wannan tazarar shi ne ragowar wayar gida mai kauri 2.5, irin ta soket, don ita ce a kusa kuma ita ce mai araha. Wannan wayar an yi ta ne don amfiya ashirin da 'yan kai. Ka tura mata 45 a tsawon mita 5, bolt ɗaya da rabi ya zube a hanya, wayar kanta ta zama hita mai wat 70 kwance ƙarƙashin kafet. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan ƙarfin duka a kowace daƙiƙa, shi ya sa ba ranar farko abin ke nunawa ba. Robar wayar ce ke taushi tana bushewa a hankali har ranar da za ta tsage. Wayar da ta dace da wannan aikin ita ce mai lamba 4 a ma'aunin Amurka, kaurinta wajen 21, ta ninka ta gida sau takwas, zafin da take yi kuma bai kai wat 10 ba. Ƙaramar amfilifaya mai lamba 8 ta ishe ta. A kula kuma da wayar bogi, mai roba mai kauri ciki kuwa 'yan zarurruka, ko alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A kankare zare ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne alminiyom ne, kuma alminiyom kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka. Araha ba ta ado.

Sai fiyus. Ku leƙa bonet ɗin motoci masu wufa a tasha ko a majalisa, ku ƙirga nawa ne wayarsu ke da fiyus kusa da batir. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: ai amfilifaya tana da nata. Na jikin amfilifaya amfilifayar yake tsaro. Wayar mita 5 da ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ta bi ƙarƙashin ƙofa, ta wuce gefen kujera, ita wa ke tsaronta? Ranar da robarta ta goge ta taɓa jikin mota, batir zai juye mata ɗaruruwan amfiya lokaci guda. Ba makunnin da za ka kashe, cire makulli ma ba ya tsayar da ita, don kai tsaye daga batir take. Cikin daƙiƙoƙi za ta yi ja, ta kunna kafet da soson kujera, kuma mun san yawan motocin da ke yawo da galan ɗin fetur a but. Maganin duk wannan ɗan abu ne da bai kai kuɗin akwatin wufar ba: fiyus a kan wayar, tazarar da ba ta wuce santimita 45 daga kan batir mai alamar tarawa ba, girmansa daidai da abin da wayar ke iya ɗauka. Inda wayar ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Fiyus kuma in ya ƙone, magana yake yi, yana cewa akwai matsala. Wanda ya naɗe shi da zaren waya ko takardar kwalin sigari ya toshe bakin mai gargaɗi ne kawai.

Wayar da ke komawa jikin mota ita ma ana wulaƙanta ta. Wuta zagaye take yi, duk abin da ya shiga ta jar waya sai ya fita ta baƙar, saboda haka kaurinsu ɗaya ne. Ta zama gajeriya, a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota bayan an kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli. Kukan nan da ke tashi a sifika yana bin totur yawanci daga nan yake, ko daga jan wayar sauti da wayar wuta a gefe guda. A raba su, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu. Kafin a taɓa komai a cire kan batir mai alamar ɗebewa. Kafin a huda ƙasan but a leƙa ƙarƙashi, don tankin mai da bututunsa a wajen suke. Duk soket mai ruwan ɗorawa da ka gani ƙarƙashin kujera ko bayan dashbod na jakar iska ce, ba a gwada shi ba a yanka shi.

Akwai wata siririyar waya, yawanci shuɗiya mai farin layi, aikinta ta gaya wa amfilifaya rediyo ya kunnu, ke ma tashi. Rediyon kamfani sau da yawa ba shi da ita a fili, nemo madadinta kuma sai an yi haƙuri. Mai gaggawa sai ya ɗaure ta kai tsaye a jar waya. Amfilifaya ta kwana a kunne, da asuba mota ta ƙi tashi, a zagi mai batir. Sautin kansa, in rediyon kamfani ne, ana ɗaukarsa daga wayoyin tsohuwar wufa ko sifikun baya, a bi da shi ta wani ɗan akwati mai rage ƙarfinsa ya dace da bakin amfilifaya, sai dai in amfilifayar tana da nata gurbin karɓar irin wannan. Wasu Accord na baya-bayan nan suna da 'yan makirfo a rufi masu kashe gunjin inji, in ba a cire su daga layi ba wufar za ta riƙa gurnani ko ba a kunna komai ba.

Maɓallin da aka fi zalunta shi ne wanda ake kira gen. Kowa ya ɗauke shi maɓallin ƙara murya, sai a murɗe shi ƙarshe don mai mota ya ji daɗin biyan kuɗi. Aikinsa daidaita abin da rediyo ke turowa da abin da amfilifaya ke iya ɗauka ne. In ya wuce kima, amfilifaya ta kai maƙura ta fara yanke kan sautin, wufa ta daina rugugi ta koma tusa, zaren da ke naɗe a cikinta ya yi zafi ya ƙone. Wannan ƙaurin da ake ji a but shi ne. A kai rediyo kashi uku cikin huɗu, a ɗaga gen a hankali har sautin ya fara ɓaci, a dawo da shi baya kaɗan, a bar shi. Matatar sauti a sa ta wajen haz 80, don muryar mutum ba aikin wufa ba ce. Wanda ke shakkar ja da baƙi, ya taɓa ƙafafun wufar da batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi: in fuskarta ta turo waje, ƙafar da ke kan batirin mai alamar tarawa ita ce ja. Akwati kuma ba a yin sa da ido. Kowace wufa da girman cikin da ta ke so, mai inci 12 a rufaffen akwati yawanci lita 30 zuwa 35, da katako mai kauri, ba ɓula ko ɗaya.

Wani zai ce to in batirin wani ɗan gayu ya mutu, mu ina ruwanmu. Duk ɗan Zamfara ya san hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi Kwatarkwashi da Tsafe ta nufi Funtuwa, da wadda ta bi Bungudu da Maru ta nufi Talata Mafara, ya kuma san halin da suke ciki a 'yan shekarun nan. Ba hanyoyin da mutum zai so motarsa ta mutu ba ne da la'asar sakaliya. Fitilar da ke lumshewa duk lokacin da bes ya buga tana gaya maka altaneta ta gaza, batir ake ci. Kafasito ɗin da ake sayar wa mutane a matsayin magani ba ya haifar da wuta, ajiya kawai yake yi ta ɗan lokaci. Ko dai a ƙara kaurin wayoyin da ke tsakanin altaneta da batir da jikin mota, ko a sa altaneta mafi girma, ko a haƙura da ƙaramar amfilifaya. Sannan direba a irin waɗannan hanyoyi da kunnensa yake tuƙi kamar yadda yake yi da idonsa. Hon na baya, ƙarar taya, ihun masu cewa a juya, duk wufa tana haɗiye su. Ba direban kaɗai ke cikin motar ba.

Kunnen ma da kansa ba ya tsira. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin 3 kuma yana raba lokacin biyu, kafin a kai 100 saura kwata na awa. Mota mai wufa da gilasai a rufe ba ta shan wahalar wuce 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare. 'Yan gashin da ke cikin kunne in sun mutu ba su sake tsirowa, kuma yaran da ake zaunarwa a kujerar baya su ne kansu ke jingine da wufar.

Ban ga laifin masu wayarin kamar yadda na ga namu ba. Yaro ya shiga gareji yana ɗan shekara goma sha biyu, abin da ya ga ogansa na yi shi zai yi, ogan ma haka ya koya. Da yawansu sun iya karanta Hausa sarai, da ita suke hira a WhatsApp. Takardar da ke cikin kwali kuwa da Turanci take ko da Sinanci. A makaranta an koya mana dokar Om, wadda Bajamushe Georg Ohm ya wallafa tun 1827, da Turanci muka haddace ta, da Turanci muka zuba ta a jarrabawa, muka karɓi takarda muka dawo gida. Tsakaninmu da garejin da ke bakin layinmu taku hamsin ne, ilimin bai taɓa tsallaka wannan takun ba.

Masu cewa ai akwai YouTube, ina tuna musu watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar nan aka yi makonni ba kira ba data. Ko da layi, bidiyon wani Ba'amurke da ke magana da hanci yana awo da ƙafa da inci ba shi ne zai koyar da yaron gareji a Bungudu ba. Masu cewa kuma rubutu kan wufa koyar da kiɗa ne a jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999, su ɗaga kai su dubi motar wa'azi, da ta mai tallan maganin gargajiya a kasuwar Tsafe, da ta 'yan kamfe. Duk amfilifaya ce a kan batir mai bolt 12, da irin wannan wayar, da irin wannan rashin fiyus ɗin. Mai sauraren karatun Alƙur'ani a motarsa shi ma wayarsa tana zafi.

Akwai kuma wasu 'yan uwanmu da nake jin tsoronsu fiye da malalatan, su ne masu tsarkake harshe. Ka ba su wannan aikin, sai su shafe wata guda suna gardama ko za a ce na'urar ƙarfafa amon sauti mai kauri, su fito da jimlar da ba mahaluƙin da zai furta ta a gaban mai shago. Gareji ya riga ya raɗa suna: wufa, fiyus, batir, altaneta, salatif. Waɗannan Hausa ne yanzu, kamar yadda mota da tebur da asibiti suka zama Hausa. Inda gareji ba shi da kalma, a nan ne aikin marubuci yake, shi ya sa na ce turjiya, na ce kafaɗa da kafaɗa. In akwai wadda ta fi su zama a baki, a kawo, amma a fara gwada ta a kan yaron gareji kafin a kawo ta zauren nan.

Ko mai rubuta ƙagaggen labari, wanda zai ce shi ba ruwansa da koyarwa, asara yake yi. Bakanike a littattafanmu kullum mutum ne mai baƙin mai a riga wanda iyayen yarinya suka ƙi. Me hannunsa ke yi tun safe, wace ƙarya yake wa kwastoma, wace gaskiya yake faɗa a ƙi ji, yaya yake ji ranar da motar da ya yi wa aiki ta kama da wuta a gaban mutane, ba mu sani ba, don ba mu taɓa zama a bencinsa ba. Shi ya sa jarumanmu duk 'ya'yan masu kuɗi ne da ba a san sana'arsu ba.

Abin da nake nema a wajenku ba shi da yawa. Kowa ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, mai haɗa sola, mai gyaran janareta, mai famfon burtsatse, mai wayarin Keke Napep. Ka je ranar Asabar ka gaida oga, ka nemi izini, ka zauna ka rubuta kalmominsu yadda suke faɗa. Ka nemi wanda ya karanci fannin ya duba maka lissafin. Ka rubuta shafi biyu, ka koma ka karanta wa ƙaramin yaron shagon, duk inda ya ce bai gane ba ka sake. Sassan da na yi kan waya da fiyus a sama kuwa na yafe wa kowa: a kwafa, a buga a takarda, a liƙa a bangon gareji, ba sai an sa sunana ba.